Gidan marayun giwaye na Nairobi: awa ɗaya a bakin igiya, da riƙon da nake biya duk shekara

Aikina duba lafiyar dabbobi ne a jahar Maraɗi, kuma mafi yawan shekarun aikina a kan jar akuya suka tafi. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san halin ɗan akuyar da uwa ta mutu ta bari. In bai samu dakashi a ranar farko ba, da wuya ya ga mako. Shi ya sa da aka tura mu Nairobi wani taron horo a kan rigakafin cututtukan dabbobi, ban bi abokan tafiya zagayen manyan kantuna ba. Wuri ɗaya na ƙulla a raina, gidan renon marayun giwaye na Sheldrick Wildlife Trust da ke gefen gandun dajin Nairobi. Na je na gani da idona, da na dawo gida kuma na shiga tsarinsu na riƙon giwa daga nesa. A kan waɗannan abubuwa biyu zan yi magana, don ƴan uwa da yawa sun tambaye ni ko kuɗin ya ci.

Wurin ba gidan kallon namun daji ba ne da mutum zai faɗo duk lokacin da ya ga dama. Awa ɗaya tak suke buɗe wa baƙi a rana, daga ƙarfe 11 na safe zuwa 12, kuma sai ka kama wuri ta intanet tun da sauran kwanaki, don adadin masu shiga ƙayyadadde ne. Akwai gudummawar da za ka ba gidan, akwai kuma kuɗin shiga gandun dajin wanda na hukumar kula da namun dajin Kenya ne, aljihu daban. A yi lissafin duka biyun tun daga masauki. Ta hanyar Magadi ake shiga. Mai taksin da ya kai ni ya nemi ninka kuɗi da ya ji ba na jin Swahili, saboda haka a yanke ciniki kafin a shiga mota.

Fili ne na jar ƙasa, an kewaye shi da igiya, a tsakiya akwai kududdufin taɓo da tarin ƙasa mai laushi da rassan itace da aka saro. Ma'aikata sanye da korayen riguna suka turo baro cike da manyan kwalaben roba na madara. Jim kaɗan sai ga ƙananan sun ɓullo daga cikin daji a guje, biyu-biyu, uku-uku, kowace ta nufi mai riƙe da kwalbarta. Waɗanda suka fi ƙanƙanta ba su wuce ƙugun mutum ba, wasu da bargo ɗaure a baya saboda sanyin Nairobi, gari ne da ke kan tudu sosai. Kafin ka ƙirga talatin kwalba ta ƙare. Waɗanda suka ɗan tasa su da kansu suke naɗe kwalbar da hanci su ɗaga, ba su son a riƙe musu. Jariran kuwa hancin bai gama jin maganarsu ba tukuna, yana ta reto a gabansu kamar hannun rigar da ta yi wa yaro yawa, wani ma ya taka nasa ya yi ƙara. Ɗan giwa da baki yake shan nono, nonon uwar kuma tsakanin ƙafafun gaba yake. Sai ya yi watanni kafin ya iya zuƙar ruwa da hanci ya zuba a baki.

Ana cikin haka ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ɗauki lasifika yana gabatar da su ɗaya bayan ɗaya: sunanta kaza, watanninta kaza, daga wuri kaza aka ɗauko ta, ga dalili. Yawanci sunan wurin da aka tsinci maraya shi ake sa masa. Dalilan ne suka tsaya mini a rai. Wannan ta faɗa rijiyar da makiyaya suka haƙa a busasshen rafi, garke ya yi ta ƙoƙari har gari ya waye ya haƙura ya tafi. Waccan an harbe uwarta. Wancan tarkon waya ya yanke masa ƙafa, har yanzu ga tabon. Wasu kuwa fari ne ya kashe iyayensu mata, don uwa mai shayarwa ita yunwa ke fara kayarwa. A farin 2022 hukumomin Kenya sun ƙirga giwaye 205 da suka mutu tsakanin Fabrairu da Oktoba. Mu mutanen Sahel ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mun ga shanu sun zube a hanyar Dakwaro.

Abin da ya kai ni wurin dai madara ce, kuma a nan na fi daɗewa da tunani. Mutum zai ɗauka tunda ga shanu, sai a tatso a ba ɗan giwa. Madarar saniya kashe shi take yi, cikinsa ba ya narkar da irin kitsen da ke cikinta, sai gudawa ta kama shi ya bushe cikin kwanaki. Ɗan giwa kuma ba ya rayuwa ba madara har sai ya kai shekara 2 aƙalla, a daji ma yakan sha har shekara 4 ko fiye. Daphne Sheldrick, wadda ta kafa wannan gidauniya a 1977 bayan rasuwar mijinta David, shugaban farko na gandun dajin Tsavo ta Gabas, ta shafe shekara 28 tana gwada haɗi iri-iri, jarirai suna mutuwa a hannunta, kafin ta dace da madarar gwangwani ta jariran mutane da aka haɗa da man kwakwa. A kan wannan tushe ake tafiya har yau. Ita ta rasu a 2018, ƴarta Angela ce ke riƙe da gidan. Ana ba kowane maraya madara duk bayan awa 3, dare da rana, abin da kan kai wajen lita 24 a yini ga wanda ya ɗan tasa. Ni da na san wahalar tashi sau biyu cikin dare don ɗan akuya ɗaya na ƴan makonni, na jinjina wa mutanen da ke wannan aiki shekara da shekaru.

Na samu na ɗan yi magana da wani ma'aikaci a bakin igiya da guntun Turancina. Na tambaye shi abin da ya fi ba su tsoro. Ya ce lokacin fitar haƙoran farko, a watannin farko na rayuwa, don a nan jariri ke ramewa ya yi ta zawo. Sai kuma ciwon huhu, musamman ga waɗanda suka kwana cikin ruwan rijiya, domin ba a cika ganin alama ba sai abin ya yi nisa, ruwa ya fara ɗiga daga hanci. Bai ɓoye mini cewa wasu suna mutuwa duk da kulawar ba. Wannan gaskiyar ta ƙara musu daraja a idona. Duk mai aikin jinyar dabbobi da ya ce maka ba ya asara, ka bincike shi.

Madara rabin aikin ce. Sauran rabin shi ne zama tare. Kowane jariri yana da ɗakinsa na katako shimfiɗe da ciyawa, a sama kuma akwai gadon ma'aikaci, a nan yake kwana da shi. Da rana suna tare a daji, in rana ta yi zafi a shafa wa kunnuwan jarirai mai ko a riƙe musu laima, don a daji inuwar cikin uwa ce ke kare su. Amma ba a barin mutum ɗaya ya daɗe da maraya ɗaya, kullum ana juya su. Dalilin yana da tarihi. A shekarun 1970 Daphne ta reni wata jaririyar giwa mai suna Aisha, wadda a kanta ne haɗin man kwakwa ya fara aiki. Aisha ta shaƙu da Daphne ita kaɗai. Da Daphne ta yi ƴar tafiya saboda bikin ƴarta, Aisha ta ƙi cin abinci, ta yi ta ramewa, ta mutu. Daga nan aka gane cewa dole maraya ya saba da mutane da yawa, yadda rashin ɗaya ba zai karya shi ba. A garken daji ma haka abin yake: ɗan giwa ba na uwarsa kaɗai ba ne, yayye da ƙannen uwa da kaka duk suna kansa. Na ga alamar haka a filin. Wata ƴar budurwar giwa da ba ta wuce shekara 2 ba ta kasa ta tsare a kan wani jariri, duk inda ya nufa tana bayansa, da wani ɗan namiji ya zo ture shi sai ta sa kai ta kore shi. Ba wanda ya koya mata, ita ma marainiya ce.

Game da yadda suke karɓar baƙi, tsarinsu ya yi mini. Ba hawa, ba ba da abinci, ba ƙetare igiya. In giwa ta zo wucewa kusa da kai ta ga dama, kana iya shafa bayanta, in ba ta zo ba shi ke nan. Ni wata ta goge ni da gefen jikinta ta bar mini jan taɓo a riga, fatar da kauri, da gashi tsirara mai tsini. Wasu baƙi sun yi ta surutu da ɗaga waya sama har suna tare wa yara gani, ma'aikatan kuma suka yi ta roƙo a sassauta murya. Da awa ta cika aka kaɗa su daji, ba ƙarin minti ɗaya. Wani Bature kusa da ni ya yi gunagunin lokacin ya yi kaɗan. Ni a ganina daidai ne. Dabbar da ake shirin mayarwa daji, yawan cuɗanya da baƙin mutane cutarwa ce gare ta, ranar da ta girma ta tunkari gonar wani ba tsoro, mashi ko harsashi za ta tarar. Kafin fita na leƙa wani karkanda makaho mai suna Maxwell da ke zaune a gidan dindindin, tunda wanda ba ya gani ba zai iya kare kansa a daji ba.

Nairobi matakin farko ne kawai. In maraya ya kai shekara 2 zuwa 3 sai a ɗauke shi a babbar mota zuwa ɗaya daga cikin sansanoninsu: Voi ko Ithumba a Tsavo ta Gabas, ko Umani Springs a dajin Kibwezi inda ake kai masu rauni a jiki. A can yana fita kiwo da rana, yana haɗuwa da giwayen daji a bakin ruwa, da dare ya dawo shinge. A hankali yake rage dawowa, har wata rana ya bi garke. Wannan kan ɗauki shekaru, wani har kusan 10, kuma ba a korar kowa, shi ke zaɓar ranarsa. Sun reni marayu fiye da 300, kuma mata da dama daga cikinsu sun haihu a daji sun kawo jariran bakin shingen da aka rene su. A wurina wannan ne ma'aunin aikin. Raya dabba a cikin keji abu ne mai sauƙi in akwai kuɗi. Raya wadda za ta koma cikin ƴan uwanta, ta ɗauki ciki na wata 22, ta haihu, ta iya shayarwa, wannan sai wanda ya san abin da yake yi.

Me ya sa ba za a sake su da zarar an yaye su ba? Saboda giwa da koyo take rayuwa, kuma wurin manya take koya. Ko ƙwayoyin da ke taimaka wa cikinta narkar da ganye, daga cin kashin manya take samunsu tana ƙarama. Garke kuwa tsohuwar uwa ce ke jansa, ita ta san inda ruwa yake in ko'ina ya ƙafe. A farin 1993 a gandun Tarangire na Tanzaniya, masu bincike sun lura cewa garkunan da ke da tsofaffin uwaye, waɗanda suka rayu a babban farin da aka yi wajen 1960, sun bar gandun sun nufi inda suka san da abinci, kuma ƴaƴansu sun fi tsira. A gandun Amboseli na Kenya, inda mai bincike Cynthia Moss ta fara bin giwaye ɗaya-ɗaya tun 1972, an gwada sa musu muryoyin mutane ta lasifika, aka tarar suna bambanta muryar namijin ƙabilar Masai, wanda kan yi musu mashi, da ta namijin ƙabilar Kamba manomi, suna kuma bambanta ta namiji da ta mace ko yaro. Maza ma suna bukatar manya. A gandun Pilanesberg na Afirka ta Kudu an zuba marayun giwaye ba babban namiji ko ɗaya a cikinsu. Da samarin suka tasa sai suka shiga zafin balaga tun lokaci bai yi ba, suka kashe karkanda fiye da 40. A 1998 aka kawo manyan toraye 6 daga gandun Kruger, kisan ya tsaya. Saboda haka wanda ya harbe babbar giwa don haurenta ya yi ɓarnar da ta wuce gawa ɗaya, kuma gidan marayu, komai ƙwarewarsa, ba zai iya mayar da abin da ke kan tsohuwar ba. Iyakarsa ya riƙe yaron da rai har ya kai shi inda sauran tsofaffi suke.

Yanzu batun riƙo. Mafi ƙarancin abin da ake biya dalar Amurka 50 ne a shekara, wato wajen jaka 30 na sefa, gwargwadon canji. Za ka shiga shafinsu, ga hotunan marayu da tarihin kowane, ka zaɓa. Ni na ɗauki wata da aka ciro daga rijiya, don na sha ciro ƴan maruƙa daga irin wannan rami. Da katin banki ake biya, kuɗin wayar salula da muka saba turawa a nan ba su shiga, sai da na bi ta hannun ƙanena da ke Yamai. Abin da ke zuwa maka duk ta imel ne: takardar shaida, labarin wata-wata, zanen ruwa na hannun Angela Sheldrick, da damar karanta littafin da ma'aikata ke rubuta abin da ya faru kowace rana. A sani, ba kai kaɗai ke riƙe da giwar ba, mutane da yawa ne a kan kowace, kuɗin kuma yana shiga aikin gaba ɗaya, har da jiragen ceto, da ayarin masu kwance tarkuna, da likitocin da ke bin namun daji da mota tare da hukumar Kenya. Jaka 30 ba za ta sayi madarar mako ɗaya ba ma.

Littafin ma'aikatan nan shi ne abin da ya fi kuɗina daraja. Ba ado a cikinsa. Yau wance ta ƙi shiga ɗakinta sai da aka kawo ƙawarta. Wane ya sace kwalbar wani. An ji rurin zaki da asuba, duk suka dunƙule wuri ɗaya jarirai a tsakiya. Sabuwar da aka kawo ta kwana tana kuka tana dukan ƙofa, a rana ta uku ta karɓi madara daga bayan bargon da aka rataya, don jariri yana son ya jingina hancinsa da wani abu mai kama da jikin uwa kafin ya sha. Wannan dabarar ta bargo na gwada irinta da wani maraƙi da ya ƙi kwalba a wani ƙauye kusa da Tibiri, na rataya fatar uwarsa, ya kama. Makiyayanmu sun daɗe da sanin dabarar fata, amma na ji daɗin ganin ilimin ya haɗu daga nesa. Da Turanci ake rubuta komai, mu kuma Faransanci muka yi a lakwal, saboda haka ni da babbar ƴata muke zama da daddare, ita ta karanta, mu fassara wa ƙannenta. Ƙaramin kullum tambayarsa ɗaya: "Baba, yaushe za a kai ta Tsavo?"

Wani aminina, malamin makaranta ne a unguwar Zariya, ya faɗa mini magana ba kwana-kwana. Ya ce, "Malam, marayun mutane sun ƙare ne a Maraɗi da za ka aika kuɗi Kenya wa giwa?" Tambaya ce ta gaskiya kuma ban raina ta ba. Na ce masa haƙƙin marayan ɗan Adam yana gaba, kuma wanda bai sauke na gidansu da na maƙwabta ba, kada ya fara da giwa. Amma tausayi ba ya ƙarewa don an ba dabba kaɗan. Mun karanta a hadisi an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, an kuma azabtar da mace saboda kyanwar da ta tsare. Jaka 30 a shekara bai kai abin da yawancinmu ma'aikata ke zubawa a katin waya cikin ƴan watanni ba. Bai gamsu duka ba, ni ma ban matsa ba.

Abin da ya fi damuna daban ne, kuma ba laifin gidan Nairobi ba ne. Giwayenmu fa? Yaran yanzu ba su san cewa a kudancin Maraɗi, a dajin Baban Rafi na gundumar Madarunfa, giwaye sun yi zama ba. A shekarun 1980 da 1990 suna kai da kawowa tsakanin nan da dazuzzukan arewacin Najeriya. Na taɓa zuwa rigakafi wani ƙauye a yankin Gabi, na zauna da wani dattijo, na nuna masa hoton marainiyata a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, kai a hoto ka san giwa. Ni na kwana a gona ina kaɗa garwa, da safe ban tarar da zangarniya ɗaya a tsaye ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ba abin da zan ƙara. Babbar giwa tana iya cin kilo 150 a rana, garke kuma in ya shiga gonar hatsi dare ɗaya ya gama da abincin shekara. Amma da na tashi tafiya sai ya riƙe hannuna ya ce tun da suka daina zuwa dajin ma ya bi su, da can mutum ba ya shiga wasu wurare da gatari.

Ba rashin madara ya raba mu da giwayen Baban Rafi ba. Gonaki sun ci hanyarsu, itacen girkin birni ya ci dajin, yanzu kuma ga ƴan bindiga a kan iyaka. Waɗanda suka rage wa Nijar suna gandun W, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1996, kuma shi da Arli na Burkina Faso da Penjari na Benin su ne mafaka mafi girma da ta rage wa giwa a Afirka ta Yamma. Can ɗin ma rashin tsaro ya hana baƙi zuwa, ya kuma sa aikin ma'aikatan gandun daji ya zama na sai da rai. Kuɗin da nake aikawa Nairobi ba ya kai wa W, kuma ba na son wanda ya karanta wannan ya ɗauka yana kaiwa. Kenya kanta ba da gidan marayu ta dawo da giwayenta ba. Daga wajen 167,000 a farkon shekarun 1970 sun faɗo zuwa wajen 16,000 a 1989. A shekarar ce shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a cikin wannan gandun na Nairobi, aka kuma hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. A 2016 suka sake ƙona tan 105. Ƙidayar 2021 ta samu sama da 36,000. Doka ce da tsaro da filin kiwo suka yi wannan, marayun da aka rena ɗigo ne a ciki, sai dai ɗigo ne da ke sa mutane irina su tsaya su saurara.

Akwai abubuwa biyu da na ji a Kenya da nake ganin sun shafe mu kai tsaye. Na farko shingen amya. Giwa tana tsoron ƙudan zuma, don yana harbinta a cikin hanci da gefen ido. Wata mai bincike, Lucy King, tare da ƙungiyar Save the Elephants, ta gwada rataya amya kewaye da gonaki a haɗa su da waya, giwa na taɓa wayar amya ta girgiza. A ƙauyukan gefen Tsavo ya kori mafi yawan giwayen da suka tunkaro, manomi kuma ya samu zumar sayarwa. Rauninsa shi ne in fari ya yi tsanani ƙudan kan gudu ya bar amya fanko. Da dattijon Gabi ya samu irin wannan a lokacinsa, wataƙila da labarinsa ya bambanta.

Na biyu ya fi kusa da zuciyata. A arewacin Kenya, ƙasar Samburu, akwai wani gidan marayun giwaye mai suna Reteti da aka buɗe a 2016, na al'ummar wurin ne, su ke tafiyar da shi, har da mata cikin masu reno. Ban je can ba, a bakin abokan taro ƴan Kenya na fara jin labarin. Lokacin annobar korona madarar gwangwani ta yi wuyar samu, sai suka gwada madarar akuya a matsayin tushen haɗinsu, ta karɓi jariran. Yanzu matan makiyaya ne ke kawo madarar kowace safiya ana biyansu. Matar da giwa ke ciyar da gidanta ba za ta so a kashe giwa ba. Mu da ke da jar akuyar Maraɗi, mai yawan haihuwa da madara, har da cibiyar kiwonta a garin nan tun shekarun 1960, ya kamata wannan labari ya tsaya mana. Mun kuma ga cewa dawo da naman daji jaharmu abu ne mai yiwuwa, tunda a 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure aka kai Gadabeji.

To wa zan ba shawarar ya je? Duk wanda aiki ko karatu ya kai Nairobi, musamman ma'aikatan kiwo da na gandun daji da malaman makaranta, kada ya dawo bai ba wurin safiya ɗaya ba. Amma ban ce mutum ya tashi daga Maraɗi ya yi sama da kilomita 600 zuwa Yamai, ya hau jirgi ta Addis Ababa, don awa ɗaya kawai ba. Riƙon kuwa ya fi dacewa da gidan da ke da yara masu karatu, ko ajin da malami zai riƙa karanta musu labarin wata-wata, ana iya haɗa kuɗin ma tsakanin mutum biyar ko shida. Wanda ba zai buɗe imel ɗin ba, gara ya sayi itatuwan dashe da kuɗinsa. Ni na sabunta nawa bana.

Mai zuwa ya kama wuri da zarar ya san ranar tafiyarsa, ya biya kuɗin gandun tun kafin ya isa ƙofa, ya fito masauki da wuri saboda cunkoson motocin hanyar Langata. Ya sa rufaffen takalmi da tufafin da ba ya jin asararsu, jan taɓon nan ba ya fita da wanki ɗaya. In yana da tambaya ga ma'aikata, ya tsaya ta gefen da suke ajiye baron madara, nan suka fi samun sukunin amsawa bayan rukunin farko na marayun ya koma daji.